Yadda za ka rubuta awo daidai a labari: daga mudun kasuwa zuwa lissafin sojoji

Labari ɗaya kan iso ɗakin labarai a Bauchi ko Gombe da awo iri uku a cikinsa. Sanarwar ma'aikata ta zo da hekta da tan, manomin da wakili ya zanta da shi ya yi magana da buhu da mudu, rahoton da aka ɗauko daga wata kafar Amurka kuma ya zo da mil da laba. Aikinka na ɗan jarida shi ne ka haɗa su a kan ma'auni ɗaya ba tare da ka canza gaskiyar lambar ba, kuma mai sauraro a Alƙaleri ko Dukku ya gane girman abin da ake faɗa masa.

A hukumance Najeriya tana kan tsarin mita, kilo da lita. Dokar awo ta 1974 ce ta tabbatar da haka, kuma akwai sashen kula da ma'aunai a ma'aikatar masana'antu, kasuwanci da zuba jari ta tarayya. A zamanin ne aka koma tuƙi a hannun dama, a 1972, aka kuma bar fam da sule aka kama naira da kwabo a watan Janairun 1973. Kuɗi ya canza gaba ɗaya domin ba yadda za a yi ciniki da tsohon, amma awo ya tsaya rabi da rabi. Har yau a Gombe ana cewa Mil Uku da Mil Shida, dillalin fili yana lissafi da ƙafa, tela yana yanka da yadi, kafinta yana sayen ƙusa da inci. Saboda haka ƙa'idar da ta fi dacewa da ɗakin labarai ita ce: tsarin mita ya zama ƙashin bayan labari, awon da jama'a suka saba da shi ya biyo baya a inda zai taimaka.

Kafin ka taɓa kalkuleta

Fara da gano daga ina lambar ta fito, kuma da wane awo aka fara faɗarta. Wannan ya fi lissafin kansa muhimmanci. A ce rundunar soja ta ce abu ya faru kilomita 10 daga wani gari. Wata kafar Amurka ta mayar da shi mil 6 don masu karatunta. Kai kuma ka ɗauko mil 6 ka juya, ka samu kilomita 9.7. Lambar ta yi kama da ta wanda ya je ya auna, alhali kuwa an juya ta sau biyu ne ta ɓata a hanya. Duk lokacin da labarin Najeriya, Nijar, Kamaru ko Chadi ya zo maka da mil, nemi asalin sanarwar.

Na biyu, duba ƙasar da ta rubuto. Galan na Amurka lita 3.79 ne, na Ingila lita 4.55. Tan iri uku ne: na tsarin mita kilo 1,000, na Amurka kilo 907, tsohon na Ingila kilo 1,016. Rahotannin Faransanci daga maƙwabta kuwa waƙafi suke sawa a inda muke sa ɗigo. Idan ka ga 2,5 km, kilomita biyu da rabi ne, idan ka ga 2,500 a takardarsu ka tsaya ka tabbatar kafin ka karanta shi dubu biyu da ɗari biyar.

Kada ka ɗauka ƙananan ma'aikata ne kawai ke faɗawa wannan rami. A 1983 mai ya ƙare wa wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 a sararin sama, domin an lissafa man da laba alhali jirgin da kilo yake aiki, sai ya tashi da ƙasa da rabin abin da yake bukata. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangaren ma'aikata ya ba da lambobi da awon Amurka, ɗaya ɓangaren ya karɓe su a matsayin na mita. A duka biyun lissafin bai kuskure ba, ba a tambayi sunan awon ba ne.

Lambobin juyawa da yadda ake dunƙule su

Waɗannan ya kamata a manna a bangon ɗakin labarai. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Yadi ɗaya santimita 91.4, ƙafa ɗaya santimita 30.48, inci ɗaya santimita 2.54. Laba ɗaya giram 454, wato kilo ɗaya laba 2.2. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047, hekta ɗaya murabba'in mita 10,000. Gangar ɗanyen mai lita 159.

Lissafin baki, idan lokaci ya ƙure: mil biyar kilomita takwas ne. Ƙafa goma mita uku ne da 'yan kai. Laba ka raba biyu, ka cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ya fito. Laba 200 ta zama 100, ka cire 10, kilo 90, ainihinsa kuwa 90.7 ne.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bayan an gama lissafi. Idan majiya ta ce kimanin mil 100, ka rubuta kimanin kilomita 160, ba 160.9 ba. Wanda ya ce "kimanin" bai san ɗigo tara ɗin ba, kai ma ba ka sani ba. Amma idan lambar ta shari'a ce, ko ta kwangila, ko ta gasar wasanni, bar ta yadda take ka ƙara juyin a gefe. Kwangilar hanya mai kilomita 12.4 ba a dunƙule ta zuwa 12, domin a kan kowace mita aka biya kuɗi.

Gudun mota ma ka lura. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka manyan lambobin agogonsu mil ne. Direban da ya ce maka "a kan 80 nake" a irin wannan mota, kilomita 129 yake gudu a awa, ya wuce kilomita 100 da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade wa ƙananan motoci a manyan tituna. A labarin haɗari ka tambayi irin motar kafin ka rubuta gudun.

Fili: eka, hekta da fuloti

Kalmar kadada tana jawo ruɗani, domin wasu kafafe suna nufin eka da ita, wasu hekta. Tazarar ba kaɗan ba ce: hekta ɗaya eka biyu da rabi ce, 2.47 in ana son ainihi. Idan ambaliya ta ci gonaki hekta 1,000 a gefen kogin Gongola ka ce eka 1,000, ka rage ɓarnar da fiye da rabi. Ka rubuta eka ko hekta kai tsaye. In dole ka ce kadada, ka fayyace a jimlar farko wacce kake nufi.

Fulotin da dillalai ke kira hamsin da ɗari, ƙafa 50 ne a faɗi, ƙafa 100 a tsawo, wato mita 15 da mita 30 da 'yan kai, murabba'in mita 465. Mai ɗari da ɗari ninkinsa ne, 929. A lissafin takarda hekta ɗaya tana ɗaukar fuloti 21 na hamsin da ɗari, amma in an fitar da layuka da magudanun ruwa ba za ta kai haka ba. Idan mai sayar da filaye ya ce hekta goma za ta ba da fuloti 300 na wannan girma, lissafin bai fita ba, sai ka tambaye shi girman fulotin.

Faɗin ƙasa kuma ba a juya shi da lambar tsawo. Murabba'in mil ɗaya murabba'in kilomita 2.59 ne, ba 1.6 ba. Dajin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, wato murabba'in mil 866, ko hekta 224,400, tunda kowane murabba'in kilomita hekta 100 ne. Ka kuma bambanta murabba'in kilomita 10 da wuri mai kilomita 10 a tsawo da 10 a faɗi. Na biyun murabba'in kilomita 100 ne. Don ƙaramin fili, kwatance da filin ƙwallo yana aiki: cikakken fili mai mita 105 da 68 kashi bakwai cikin goma na hekta ne, don haka hekta ɗaya ta kusa fili ɗaya da rabi.

Kasuwa: mudu da buhu

A nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin rahoton farashin hatsi yana taɓa aljihun kowa, kuma shi aka fi yi da ka.

Mudu, tiya da kwano ba nauyi suke aunawa ba, cika suke aunawa. Mudu ɗaya na gero, na masara, na wake, na gyaɗa da na garin rogo kowanne da nauyinsa. Girman mudun kansa ya bambanta daga gari zuwa gari, wani lokaci daga layi zuwa layi a kasuwa ɗaya. A Kano an saba lissafin kwano 40 a buhu, a kasuwanni da yawa na Bauchi da Gombe kuwa mudun da ake awo da shi bai kai wancan kwano ba. Saboda haka babu wata lamba ɗaya da za ka haddace ka ce ita ce nauyin mudu. Sai ka auna.

Ga yadda ake yi. Je kasuwar da kake kawo rahotonta, ko Muda Lawal ko Wunti a Bauchi, ko Tudun Hatsi a Gombe. Sayi mudu ɗaya-ɗaya na hatsi iri ɗaya a wurin masu awo uku da ba a jere suke ba, kowanne a ledarsa. Bari su auna yadda suke auna wa kowa, mai tozo ko shafaffe, ka rubuta wanne ne. Ɗora kowace leda a sikelin lantarki da ke nuna giram, bayan ka tabbatar yana kan sifili. In kana shakkar sikelin, gwada shi da ruwa: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ban da nauyin roba. Haɗa nauyin ukun ka raba uku. Abin da ya fito shi ne nauyin mudun wannan hatsi a wannan kasuwa. Maimaita wa kowane hatsi, ka rubuta kwanan wata, ka sake awon aƙalla sau biyu a shekara, da kaka da kuma bazara. Yana da kyau ka fara gaida Sarkin Kasuwa ko shugaban 'yan hatsi ka faɗa masa abin da ya kawo ka, don kada masu awo su ɗauka tonon silili ka zo yi.

Daga nan farashin kilo ya zama mai sauƙi: kuɗin mudu a raba da nauyinsa. A ce misali mudun masara naira 600 ne a Gombe kuma ya auna kilo 1.25, kilo ya kama naira 480. A ce kwano a Kano naira 1,150 ne kuma ya auna kilo 2.5, kilo ya kama naira 460. Wanda ya kwatanta 600 da 1,150 kai tsaye zai buga kanun labari cewa masara ta ninka tsada a Kano, alhali a wannan misali ta fi araha a can. Irin wannan kanu yana sa ɗan kasuwa ya yi lodi ya tafi ya dawo da asara, yana kuma sa masu ɓoye kaya su ƙara riƙewa.

Buhu ma haka. Buhun taki da na siminti kilo 50 ne daga kamfani, buhu 20 tan ɗaya, tirelar siminti mai buhu 600 tan 30. Waɗannan za ka iya juyawa ba fargaba. Amma buhun da ake kira mai kilo 100 a kasuwar hatsi sunan buhun ne kawai. Wani a ɗinke shi a baki, wani a cusa a yi masa ƙari a sama. Shanshera a cikin buhun da ke ɗaukar kilo 100 na masara ba za ta kai ɗari ba, domin ɓawonta yana cin wuri. Sabuwar masara kuma da ruwa a jikinta, buhun da aka auna da kaka zai ragu a sikeli bayan ya sha iska a sito. Buhun albasa, na busasshen barkono, kwandon tumatir da damin dawa duk ba su da tsayayyen nauyi. Ka rubuta su da sunansu, ka faɗi kasuwar, ka bambanta babban kwando da ƙarami, kada ka ƙirƙira musu kilo.

"Tirela" a sanarwar gwamnati ita ma tana bukatar tambaya. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tura tirela 20 ta shinkafa ga kowace jiha, kowace tirela da buhu 1,200 masu kilo 25. Wato buhu 24,000, tan 600. Wanda ya ji "buhu" ya ɗauka mai kilo 50 ne ya ninka abin da aka bayar. Kullum ka tambayi buhu nawa ne, kuma mai kilo nawa.

Kamu, taƙi, taki da gaba kuwa da jikin mutum ake auna su, dogo da gajere ba za su zo ɗaya ba. Idan mai haƙar rijiya ya ce yaro ya faɗa rijiya mai gaba goma, ka rubuta gaba goma a bakinsa, ka ƙara da cewa tsakanin mita 16 zuwa 18 ke nan. Turmin atamfa yadi shida ne, mita biyar da rabi, amma ba wanda ke bukatar ka juya masa shi.

Mai, ruwan sama da zafi

Lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamban 2022, an ce akwai ganga fiye da biliyan ɗaya. Gangar nan ba duron da ake tara ruwa ba ne mai ɗaukar kusan lita 200. Awo ce ta kasuwar mai, galan 42 na Amurka, lita 159. Bar ta da sunan ganga, domin da ita ake faɗin farashi a duniya. Galan na 'yan bumburutu kuma roba ce, wata lita huɗu, wata biyar, sai ka tambaya.

Ruwan sama da milimita hukumar NiMet ke auna shi. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ruwan milimita 50 a fuloti hamsin da ɗari ya haura lita 23,000, duro 116 ke nan. Da haka mai sauraro zai gane abin da ya sa katangar ƙasa ke faɗuwa. Inci ɗaya na ruwa milimita 25.4 ne.

Zafi da Salshiyas muke faɗa. Daga Faranhait, cire 32, ninka biyar, raba tara: 104 ya zama 40, 100.4 ya zama 38, wato zazzaɓi. Ruwan ɗumi na Wikki da ke dajin Yankari digiri 31 ne a Salshiyas. Amma idan ƙarin zafi ake magana, ba a cire 32. Ƙarin digiri 3.6 a Faranhait ƙarin digiri 2 ne a Salshiyas. Awon magani kuma kada ka juya shi ko kaɗan, kada ka mai da miligiram mililita ko cokali, karanta yadda likita ya faɗa.

Labarin soja

Bauchi gari ne na sojoji: ga birged ta 33 ta 'yan igwa a barikin Shadawanka, ga makarantar tankokin yaƙi, ga rundunar ayyuka na musamman ta sojan sama. Sanarwarsu kan zo da awo kashi uku, ya danganta da ƙasa, sama ko ruwa.

A ƙasa komai da mita da kilomita ne. Ko sojan ƙasa na Amurka, wanda ƙasarsa ke kan mil, da kilomita yake auna nisa, domin dole taswirarsa da harsashinsa su dace da na ƙawayensa na ƙungiyar NATO. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita biyu kilomita ɗaya ne, kowane gidan dara a kanta kilomita ɗaya ne a kowane gefe. Nisan da kakakin soja ya faɗa sau da yawa na miƙe ne a taswira, mutumin ƙauye kuwa hanyar babur yake lissafawa da kwane-kwanenta. Soja ya ce kilomita 15, mai unguwa ya ce tafiyar awa ɗaya ce a babur, duka biyun na iya zama gaskiya. Rubuta kowanne a bakin mai shi. In ka ci karo da jerin lambobin taswira da ke nuna inda dakaru suke, kada ka buga su; lamba shida tana nuna wuri cikin mita 100, kuma ba kai kaɗai ka iya karanta ta ba.

Milimitar da ke jikin sunan makami faɗin bakin bindiga ce, ba tsawonta ba, ba nisan da take kaiwa ba. Igwa mai milimita 155 bakinta santimita goma sha biyar da rabi ne. Harsashin AK-47 ana rubuta shi 7.62×39: lambar farko faɗin harsashi, ta biyu tsawon kwanson, duka da milimita. Ba ninkawa ake yi ba, kuma ba adadin harsasan da aka ƙwato ba ne. Idan sanarwa ta ce an kama harsasai 200 na 7.62, ka ce harsasai 200 masu faɗin milimita 7.62, ko ka ce na AK-47 in an tabbatar maka, domin akwai wani 7.62 mai dogon kwanso da manyan bindigogi ke ci. Babbar bindigar da Amurkawa ke rubuta wa .50 rabin inci ce, milimita 12.7, kada ɗigon ya ɓace maka ka ce milimita 50. Bindigar mafarauta mai lamba 12 kuma ba milimita 12 ba ce, wani tsohon lissafi ne dabam, bakinta ya kai milimita 18 da rabi.

Sanin nisan makami yana taimaka maka tace labari. AK-47 tana samun abin da aka auna a mita 300 zuwa 400. Idan shaida ya ce daga mil biyu aka saita mutum da ita, ko dai nisan ne bai daidaita ba ko makamin. 'Yan igwa kuma suna da awon kusurwa da su ma suke kira mil, wanda da'ira ɗaya ke da 6,400 a tsarin NATO. Ba nisa ba ne, kada ka mai da shi kilomita.

A sama, tsawo da ƙafa ake faɗa, na soja da na fasinja. Ƙafa 10,000 mita 3,000 ne da ɗoriya, ƙafa 35,000 mita 10,700, kusan kilomita 11. Gudu kuma da awon da ake kira not, wato mil ɗin teku ɗaya a awa. Mil ɗin teku mita 1,852 ne, ya fi na tudu, kuma matuƙa suna riƙe da shi ne saboda ya yi daidai da minti ɗaya na layin taswirar duniya daga kudu zuwa arewa. Jirgin Super Tucano, irin 12 da Najeriya ta karɓa a 2021, iyakar gudunsa not 320 ne, kimanin kilomita 590 a awa. Wanda ya ninka da 1.6 zai samu 512, ya rage kilomita 80. Haka a labarin sojan ruwa: iyakar ruwan ƙasa mil 12 na teku ne, kilomita 22, yankin tattalin arziki kuma mil 200, kilomita 370.

Bama-baman jirgi ƙirar Amurka da laba ake kiransu. Mai laba 500 kilo 227 ne, mai laba 2,000 kilo 907, wanda Amurka ta jefa wa tashar nukiliya ta Fordo da ke Iran a watan Yunin 2025 mai laba 30,000 kuma tan 13.6. Wannan nauyin bam ɗin ne gaba ɗaya da ƙarfensa. Abin fashewar da ke ciki bai kai rabi ba. Kada kuma ka rubuta fam, mai karatu zai ɗauka kuɗin Ingila ne.

Lokacin soja awa 24 ne. 1430 biyu da rabi na rana, 0600 shida na safe. In ka ga harafin Z a ƙarshe, agogon GMT ne, ƙara awa ɗaya ka samu na Najeriya. 0030 ranar Talata sha biyu da rabi na dare ne. Tunda a wurin mutane da yawa daren Juma'a yana nufin daren da ake wayewa Juma'a, a wurin wasu kuma daren da ya biyo bayanta, ka rubuta "daren Litinin wayewar garin Talata" don a huta da gardama.

Awon da ba naka ba ne ka yanke

Zakkar fid-da-kai sa'i ɗaya ce, mudun Annabi (SAW) huɗu, kuma mudun nan cikin tafin hannu biyu ne, ba mudun kasuwa ba. Nisabin hatsi sa'i 300 ne. Tafiyar ƙasaru a mazhabar Malikiyya mil 48 ce, amma mil ɗin fiƙihu ne, ba na Ingila ba. Malamai sun yi ƙiyasi daban-daban wajen mai da waɗannan kilo da kilomita. Kada ka ɗauki kalkuleta ka fitar da hukunci. Tambayi malam ko hukumar zakka ta jiharka, ka faɗi lambar da sunan wanda ya bayar.

Wajen karantawa da wajen gyara

A Hausa sunan awo ke zuwa kafin lamba: kilomita 15, buhu 40, lita 25. A rediyo ka ce kilomita biyu da rabi maimakon biyu ɗigo biyar, mita 800 maimakon kilomita 0.8. Juyi sau ɗaya ya isa, a inda awon ya fara fitowa. In ka bi kowace lamba da 'yar'uwarta kunne zai gaji ya saki duka. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa kada ka canza masa awo. In manomi ya ce eka uku, eka uku za a ji, juyin ya zo a jimlarka. A rubutun da za ka miƙa wa mai gabatarwa ka rubuta sunan awo cikakke, domin m kaɗai za a iya karanta ta mita, mil ko miliyan.

Edita ya sake lissafin da kansa, daga lambar asali, ba daga taka ba. Sannan ya tambayi kansa ko abin zai yiwu. Bauchi zuwa Gombe kilomita 150 ne da 'yan kai. In labari ya sa wani ƙauyen Akko kilomita 400 daga Gombe, an ninka wani abu a hanya.

In kuskure ya riga ya fita, gyara shi a inda ya fita. A shafin intanet ka canza lambar, ka sa layi a ƙasa da ke faɗin abin da aka rubuta da farko da abin da ya kamata, tare da kwanan wata. A Facebook da WhatsApp ka sake tura gyararren, domin hoton na farko ya riga ya zagaya. A rediyo ka karanta gyaran a labarai na gaba masu irin wannan lokaci, na safe a na safe, na dare a na dare, domin masu sauraron ba ɗaya ba ne.